Telesiyas Mai Fuskoki, Mijin Ƙanwata

Mutanen Atina suna kiran Telesiyas gwani, ni ma ban taɓa musawa ba. A zamaninmu babu wanda ya kai shi iya yin fuskokin da 'yan wasa ke sawa a bikin Diyonisos, allahn giya da wasanni. Da tsumman lilin da danƙo da gashin akuya yake yin sarki, wanda ke zaune can ƙarshen tudu ya hango ya ji gabansa ya faɗi. Amma ni Mikiyon, maginin tukwane, ƙanwata Hediste ya aura, kuma na san shi ta wajen da masu tafa masa ba su sani ba.

Ubansa mai wankin lilin ne a bayan kasuwa, mutum mai shiru da ba ya shiga harkar kowa. Telesiyas yana ɗan shekara goma sha tara aka zaɓe shi cikin 'yan amshi goma sha biyar na wani wasan baƙin ciki. Watanni ana koya musu waƙa da taku. Rana ɗaya tak ya yi a gaban jama'a, sanye da fuskar tsoho, yana rera cewa Masu Kaɗi, matan nan uku da ke kaɗa zaren ran kowa, sun gama aikinsu tun kafin a haifi mutum. Muryarsa kamar ta jaki mai mura, ba a sake kiransa ba, shi ya sa ya koma yin fuskoki. Amma waƙar ta zauna masa a baki. Idan ya makara, alloli ne suka riƙe shi. Idan ya sha giya ya zagi maƙwabci, Diyonisos ne ya yi magana da bakinsa. Da farko dariya muke yi.

Na daina dariya a shekara ta biyu da aurensu. Hediste ta haifi 'ya mace. Kwana uku da haihuwar ya shigo rumfata da safe, ina kan juya yumɓu.

Ya ce, "Yaya Mikiyon, tukunya nake so mai faɗin baki."

Na ce, "Ta dahuwa ko ta ajiya?"

"Mai faɗin baki dai."

Na ɗauko mai kyau na ba shi, har da cewa ya gaishe da mai jego. Washegari na ji a ciki ya sa jaririyar, ya kai ta mararraba ya ajiye. Ba shi ya fara ba, uba yana da ikon karɓar abin da aka haifa masa ko ya ƙi. Amma sauran suna cewa ba za su iya ciyarwa ba, su sunkuyar da kai su wuce. Shi da na same shi sai ya ce, "Ba ni na ƙi ta ba. Safiyar da aka haife ta hankaka ya sauka a katangata ta hagu, ya yi kuka sau biyu."

Na ce, "Hankaka kullum yana kan katangarka, saboda warin fatar da kake dafawa kana yin danƙo."

Ya ce, "Kai maginin tukwane ne, Yaya. Ba ka san waɗannan abubuwa ba."

Hediste ba ta sake haihuwa ba. Sai ta juya duk soyayyarta kan ɗana Kidimos, shi ma mijin ya bi ta. A gidansu yaron ya yi rabin ƙuruciyarsa. Telesiyas yana ce masa ɗana, shi yana ce masa Kawu. Kidimos ya girma ya zama ƙato mai faɗin kafaɗa, ya fi ni iya gini. Girarsa ta hagu a tsage take gida biyu, tun ranar da wata randa ta fashe a murhu wani guntu ya same shi. Bakinsa kuma ya ɗan karkace sama ta dama, ko yana fushi sai ka ce dariya zai yi.

Yana da shekara ashirin da ɗaya yaƙin ruwa ya yi tsanani, birni ya nemi duk namijin da zai iya jan filafili. Ni ƙafata ta lalace tun wani yaƙi da ya wuce, aka bar ni. Kidimos da Telesiyas jirgi ɗaya aka ba su. Na raka su har tashar jiragen ruwa ta Firayus, na riƙe musu jakar garin sha'ir da albasa. Da za su hau na ja Telesiyas gefe na ce, "Ka sa masa ido."

Ya ɗaga kai sama ya ce, "Idon alloli ya fi nawa gani."

Kidimos ya ji, ya yi dariya ya ce, "Baba, ni zan sa wa Kawu ido. Ko a kwatarniyar wanka bai iya iyo ba."

Bayan wata biyu labari ya zo cewa mun ci nasara, amma hadari ya taso bayan faɗan, jirage da yawa sun nutse. Telesiyas ya dawo, Kidimos bai dawo ba. Ya zauna a tsakar gidana ya zuba ƙasa a ka, ya ce igiyar ruwa ce ta ɗauke yaron a kan idonsa, allahn teku ya gan shi ya so shi. Muka ɗauki makara babu gawa, muka kai bayan ƙofar birni. Telesiyas ne ya riƙe ni a hanya don kada in faɗi. Uwar yaron ba ta cika shekara ba ta bi shi.

Shekara biyu ina riƙe da wannan labari. Ranar da ya warware, kifi na je saye. Akwai wani Eukaros mai sayar da kifin gishiri a kasuwa, wanda na san a jirginsu yake. Kullum in na tsaya a gabansa sai ya auna mini da sauri, ba ya kallon fuskata. Ran nan ya ajiye wuƙarsa ya ce, "Baba Mikiyon, ka koma sayen kifi wajen wani. In kuma ba za ka koma ba, zauna in gaya maka abin da ke hana ni kallonka."

Na zauna a kan wata ganga. Ya ce jirgin maƙiya ya soke nasu a ciki tun kafin hadarin, da iska ta taso sai ya dare biyu. Su goma sha ɗaya suka samu wani ƙaramin kwalekwale da bai kamata ya ɗauki fiye da shida ba. Ruwa ya zo daf da bakinsa, suna kwarfewa da huluna. Sai ga Kidimos ya iyo, ya kama gefen da Telesiyas yake zaune. Kwalekwalen ya karkata, ruwa ya fara shiga.

"Ya ce masa, 'Kawu, ni ne.' Na ji da kunnena. Telesiyas yana riƙe da guntun filafili. Ya buge masa hannu har ya saki."

Na ce, "Ya gane shi?"

"Rana ce tsaka, Baba. Fuskarsu ba ta kai kamu biyu tsakani ba." Ya goge hannunsa a jikin riga ya ci gaba. "Kada ka ɗauka ina wanke kaina. Ina ciki, ban hana shi ba, babu wanda ya hana shi. Da ɗanka ya hau, da mun nutse gaba ɗaya. 'Ya'yana uku suna da uba yau saboda abin da ya yi. Amma ba igiyar ruwa ba ce, kuma na gaji da jin yana faɗa a rumfar aski cewa igiyar ruwa ce."

Daga nan ban biya gida ba, na wuce wurin aikin Telesiyas. Na same shi yana liƙa gemu a wata fuska, wasu kuma rataye a bango suna bushewa, bakunansu a buɗe. Na gaya masa abin da na ji. Bai ce ƙarya ne ba. Ya ajiye fuskar a hankali don kada gemun ya ɓalle.

Ya ce, "Wani abu ne ya shiga hannuna. Kai ma ka sani, Yaya, kowace shekara kana zaune a filin wasa kana gani. In allah ya nufi mutum, ta hannun na kusa da shi yake biyowa. Zaren yaron nan ya ƙare a ranar. Da ba ni a wurin, da wani ne."

Na ce, "Amma kai ne a wurin."

"An ajiye ni a wurin."

Na ce, "Saurara, Telesiyas. Ni ma na yi yaƙi, na san tsoro. Ban san abin da zan yi ba da ni ne a cikin kwalekwalen. Ba kotu zan kai ka ba, ba kashe ka zan yi ba. Ka ce mini, 'Ni na yi, na ji tsoron mutuwa, na buge hannun Kidimos.' Ka faɗi wannan kawai."

Sannan ya ce, "In na faɗi haka na ɗauki aikin alloli na ɗora wa kaina. Wannan girman kai ne, kuma ka san yadda suke yi da masu girman kai."

Akwai wuƙar yankan lilin a kan teburinsa, na kalle ta, shi ma ya ga na kalle ta. Hediste ta fito daga ciki ta tsaya a bakin ƙofa. Daga fuskarta na gane ta daɗe da sani. Na ce ta tattara kayanta ta dawo gidana. Ta ce, "In zo in yi me, Yaya? In riƙa share ɗakin Kidimos? A nan aƙalla akwai wanda zan tsana, yana hana ni kwanciya in mutu." Tun daga ranar ban sake taka gidan ba sai sau ɗaya. Ita ce take zuwa wurina.

Da bazara ta zagayo aka yi bikin Diyonisos. Ban so zuwa ba, maƙwabta suka ja ni, suka ce zaman gida zai kashe ni. Muka hau tudu tun da safe da ɓaure da gurasa, muka samu wuri wajen tsakiya. A rana ta uku aka yi wasan wani sarki da maƙiya suka kewaye birninsa. An riga an gaya masa daga wurin allah cewa ƙofar birnin za ta sha jinin gidansa. Da mayaƙansa suka gudo, maƙiya na bin su, sai ya sa aka rufe ƙofa, ɗan ƙanensa yana waje. Kafin a kai nan, saurayin ya fito yin bankwana, da mashi a hannu.

Ya juyo ya fuskanci jama'a. Girar hagu a tsage gida biyu, baki ya karkace sama ta dama.

Na ji wanda ke kusa da ni, wani magini ɗan unguwarmu, ya ja numfashi. Raɗa ta bi layinmu har ƙarshe, mutane suna leƙo ni. Ni kuwa na zauna ina kallon ɗana yana tafiya da ƙafar wani, yana magana da muryar wani. Na ji shi daga baya yana bugun ƙofa yana kiran sarki. Na zauna har mai kawo labari ya zo ya faɗi yadda aka kashe shi, har aka turo gawar a gaban jama'a. 'Yan amshi suka rera cewa allah ne ya rufe ƙofar, hannun sarki aro aka yi. Dubban mutane suna share hawaye. Can ƙasa na hango Telesiyas cikin ma'aikatan wasan, kafaɗunsa suna rawa, ana dafa shi. Wasan ne ya zo na ɗaya a shekarar, kuma har yau tsofaffi suna maganar fuskar nan.

Duka a wurin biki babban laifi ne, ga masu sanda suna zagayawa. Na jira shi a hanyar fita, kusa da masu sayar da gasasshiyar gujiya. Ya fito da kambin ganye a ka, idanu jajur.

Na ce, "Wa ya ba ka fuskar ɗana?"

Ya ce, "Ban ɗauka ba, Yaya. Na zauna in yi fuskar ɗan sarki, hannuna ya tafi inda aka kai shi. Sai da ta bushe na ga ko wane ne."

"Hannun nan naka ya cika yawo ba da saninka ba. Ya kamata ka ɗaure shi."

"Ba ka ji abin da aka rera ba? Ko sarki bai tsira ba, balle ni."

Na ce, "Na ji. Na kuma ji abin da sarkin ya ce da aka kawo gawar. Ya ce allah ya faɗa, amma bakinsa ne ya ba da umarni, kada kowa ya rage masa. Ya cire kambinsa ya fita daga birnin da ƙafa. Kai kana nan da naka kambin. Shekara talatin kana zuwa filin nan, amshi kawai kake ji."

Wasu samari suka zo suka ɗauke shi a kafaɗa zuwa wurin shan giyar nasara.

Abin da na ce masa ran nan har yanzu a kansa nake. Na kalli wasanni sun fi ɗari. Ban taɓa ganin wanda alloli suka ɗana wa tarko ba, ya faɗa, sannan ya tashi ya karkaɗe riga ya ce babu ruwansa. Duk suna ɗaukar abin su rungume, ko da ya fi ƙarfinsu, don haka muke musu kuka. Ban musa cewa Masu Kaɗi suna kaɗi ba. Wa ya kawo hadarin, wa ya sa ɗana ya kama wannan gefen ba wancan ba? Ba Telesiyas ba ne. Amma filafilin a hannunsa yake.

Kamar yadda ake yi da fuskokin wasan da ya ci, an rataye ta a shirayin ɗakin Diyonisos. Zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Duk kwana goma sai na bar murhu na ja ƙafata zuwa can, in tsaya a ƙarƙashinta. Ba ni da gawa, ba ni da kabari na gaske, ba ni da komai mai kama da Kidimos sai abin da wanda ya kashe shi ya yi. Kuma ya yi ta daidai, har ɗan ramin haɓa bai manta ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Shekara shida ina zuwa, har laima da ɓeraye suka cinye ta, masu shara suka sauke.

Na jira in ga abin da alloli za su yi masa. A wasa ba a daɗewa, kafin rana ta karkata sakamako ya iso. Telesiyas kuwa ƙiba ya yi. Annoba ta zo ta wuce ba ta taɓa shi ba, yunwar da aka yi lokacin da aka tsare tashar jirage ta rage masa tumbi kawai. Mawaƙa suna layi a ƙofarsa. Hediste ta ce mini tun da ya dawo bai sake cin kifi ba, bai kuma sake sauka Firayus ba, ko hango teku ba ya so. Ta faɗa ne ko zan ji sanyi. Na ce mata ɗana ma bai sake cin kifi ba. Ita ta riga shi mutuwa da shekara tara, kuma a wurin binne ta ya tsaya yana gaya wa mutane zarenta ne ya ƙare.

Bara, bayan an gama tsinkar inabi, ya kwanta ciwo. Ya aiko a kira ni har sau biyu. A na uku na je, don ina zaton na san abin da zai ce. Na same shi a tsakar gida da hantsi, an shimfiɗa masa a inuwar ɓaure. Ya rame, fatar wuyansa tana lilo, hannayen nan suna kwance a kan bargo. Ya sa aka ba ni kujera, ya kori matar da ke jinyarsa.

Ya ce, "Ka tsufa, Yaya."

Na ce, "Ba wannan ka kira ni ka gaya mini ba."

Ya ja numfashi da ƙyar. Can ya ce, "Yana da ƙarfin hannu, Kidimos. Hannun magini. Ban taɓa sanin yatsu suna da ƙarfi haka ba."

Na matso da kujerar.

"Sau uku," in ji shi. "Na farko bai saki ba, ya ɗago yana kallona, kamar bai gane ba. Sau uku aka buga kafin ya saki."

Na ce, "Wa ya buga?"

Ya juyo da kai ya dube ni. Leɓunansa suka motsa. Na rantse da duk abin da ake rantsuwa da shi, da ya faɗa, da na riƙe masa hannu har ya cika, da ni zan wanke shi. Na jira. Ƙuda ya sauka a goshinsa bai kore ba.

Ya ce, "Ka san masu juya waɗannan abubuwa, Yaya. Mu mene ne a wurinsu?"

Na tashi na ɗauki sandata. Yana kirana har na kai zaure, ban waiwaya ba.

Bayan kwana huɗu ya mutu. 'Yan wasa da mawaƙa da masu busa sarewa suka raka shi, aka binne shi a gefen dama na hanyar da ta fita daga ƙofar unguwarmu, inda ake binne mutanen kirki. Sun aiko mini cewa ni ne na kusa da ya rage, in zo in zuba masa mai da giya a kabari. Na ce a gaya musu ina da randuna a wuta, ba a barin murhu. Na kira mijin 'yar da ta rage mini da 'ya'yansa, na sa suka rantse cewa in tawa ta zo, a gefen hagu za su haƙa, can nesa wajen da hanya ta gangara, ko da ƙasar wurin duwatsu ce.